Mai Bita Na Biyu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ina fata kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi, ka daina hawa benen sashenku da gudu kamar ɗalibi. Takarda na rubuto saboda na san halinka da waya, ta yi ta kuka a aljihu kai kana can gaban allo.

Yaya, binciken nan nawa ya kammala. Ka tuna gonakin da ka yi aikin digirinka na uku a kansu, inda kake tafiya da ni lokacin hutu ina ƙarama? Su na koma wa, amma ta sama. Na tara hotunan tauraron ɗan adam na shekaru masu yawa, na bi bishiyoyin da ke cikin gonakin. Abin da na samu shi ne ƙaruwa suka yi. Manoman sun daina sare tohon da ke fitowa daga kututture, suna barinsa ya girma. Na san wannan ya saɓa wa littafinka, wanda ya ce hamada na cin yankin a hankali har sai ta gama da shi. Shi ya sa na so ka ji daga bakina.

Sai dai ina jin duniya ta riga ni. Na sa daftarin a intanet inda kowa zai iya sauke shi kyauta, kafin in ankara dubban mutane sun karanta. Har gidan rediyo suka kira ni, na yi magana. Inna ta ji, ta tara maƙwabta tana cewa autarta ce.

Ainihin maƙalar kuma na aika wa wata mujalla mai buɗaɗɗiyar ƙofa, irin wadda mai karatu ba ya biyan komai. Masu bita biyu za su duba kafin a karɓa. Ka san aikina a nan na wucin gadi ne. Kwamiti zai zauna ƙarshen zangon nan, kuma shugaban sashenmu ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: in maƙalar ta samu karɓuwa a tabbatar da ni, in ba ta samu ba in kwashe littattafaina.

Ka sa ni a addu'a. A gaida Anti.

Ƙanwarka,
Kibiya

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na karanta, na kuma fahimci abin da ke ciki. Muna lafiya. Gwiwa da sauƙi. Ina fata maigidanki da yara suna lafiya.

Ina taya ki murna da shiga rediyo. A zamaninmu sai mutum ya gama aiki, manya sun duba sun sa hannu, sannan yake buɗe baki. Yanzu na ga an sauya tsari, ana fara guɗa kafin a haihu.

Game da bishiyoyinki, ba zan ce komai ba tukuna. Zan dai tuna miki cewa ni da ƙafata na taka gonakin nan, na auna su da igiya, rana ta gasa ni. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau tauraron ɗan adam ba zai hango ba. Kore a hoto ba lallai bishiya ba ce, ciyawa ma kore ce.

Mujallun nan na kyauta kuwa, kin san ra'ayina. Abin da aka shimfiɗa a bakin titi kowa ya ɗauka, da wuya ya zama zinariya. Ni duk abin da na rubuta yana cikin mujallun da ake girmamawa, waɗanda ba kowane mai wucewa ke leƙa su ba.

Allah ya ba da sa'a a wurin kwamiti. Ki duba taswirorinki da kyau kafin su fita. Ba banza na sa miki suna Kibiya ba, tun kina aji ɗaya a jami'a ba ki taɓa zana taswira kin tuna da kibiyar da ke nuna arewa ba.

Ki gaida Inna in kin je.

Yayanki

*

Zuwa ga aminina Sarkin Kanta,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar iyali da kuma littattafanka da ba mai aro. Tun da aka mai da kai laburaren can na rasa wanda zan zazzage wa cikina, to yau ka yi haƙuri da ni.

Kishi nake yi. Na faɗa, kuma kai kaɗai zan faɗa wa. Kishin Kibiya nake yi, yarinyar da na koya wa riƙe fensir.

Ka san shekarun da na kwashe a kan littafin hamadar nan. Gashina a kansa ya yi fari. Ɗalibai har Baba Hamada suke kirana a bayan ido, ina ji ina yin kamar ban ji ba, don a raina daɗi nake ji. To a duk tsawon nan ba wanda ya taɓa kirana rediyo. Inna ba ta taɓa tara maƙwabta a kaina ba. Littafin da na kai mata, ƙarƙashin ƙafar gadonta na gan shi, wai gadon yana rawa. Amma yarinya ta zauna a ɗaki mai sanyi, ta danna kwamfuta, ta ce Yaya ya yi kuskure, duniya ta ɗauka. Jiya mai gyaran motata ya tare ni da maganar bishiyoyi, a waya ya karanta.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Wata mujalla ta aiko mini maƙala in yi mata bita. Sakatariya ta buga mini ita a takarda kamar kullum. An cire sunan marubuci, amma ina buɗe taswira ta huɗu na ga babu kibiyar arewa. Ko cikin duhu na san aikin wace ce. Editan ba shi da hanyar sanin dangantakarmu, tunda da sunan mijinta take rubutu.

Na san ƙa'ida, mayar musu ya kamata in yi in ce ƙanwata ce. Ban mayar ba. Na zauna na fere alƙalami na rubuta bitar da ban taɓa rubuta irinta ba. Na ce ba za a yarda da hoton sama ba sai an kawo tsofaffin hotunan ƙasa na gonakin nan, a gwada da na yau. Ka kuwa san hotunan nan a duniya wuri ɗaya suke, cikin akwatin ƙarfen da ke saman kabad ɗin ofishina.

Ai ban yi ƙarya ba, ilimi ma haka ya ce a yi. Kuma mai bita ba a sanin sunansa. Me ya sa to abinci ya ƙi shiga?

Ka yaga takardar nan in ka gama.

Naka,
Baba Hamada

*

Zuwa ga Farfesa Baba Hamada, mai hamadar da ta ƙi zuwa,

Amin wa alaikumus salam. Iyali lafiya, suna gaishe ka. Littattafaina kuma suna nan, har da naka, yana kan kanta ta uku tsaf kamar yau aka kawo shi. Ko gara ba ta taɓa shi ba, ita ma ta ga nauyin Turancin.

Takardarka ta sa ni dariya har mataimakiyata ta leƙo, daga baya kuma dariyar ta tsaya. Mutumina, wace mujalla ce ka ce? Na duba wadda Kibiya ta ambata a ƙasan daftarinta. Kai da ba ka karanta saƙo sai an buga maka a takarda, na tabbata sakatariya maƙalar kawai ta buga, ta bar sharuɗɗan. To buɗe kunnenka. Mujallar nan ba ƙofar gaba kaɗai ta buɗe ba, har ta bayan gida. In ta karɓi maƙala, tare da rahoton masu bita take fitar da ita, kalma da kalma, kowa ya karanta. Suna ne kawai suke sakayawa in mutum bai so. Kai kuwa rubutunka ko an cire suna, wanda ya taɓa zama ajinka zai gane shi tun daga layin farko. An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Zancen zinariya da bakin titi da kake yi wa mutane, ni kar ka yi mini. Ka manta ranar da ka zo laburare kana neman maƙalarka ta kanka, kwamfuta ta ce sai ka biya? Ni na tsaya a bayanka ina kallon ƙeyarka tana zufa. Jami'a ta daina sayen mujallar tun tuni. Ɗalibanka ba su taɓa karanta ka ba, labarinka kawai suke ji. Ka kulle aikinka a ɗaki ka ba baƙo makulli, yanzu kana fushi da wadda ta bar nata a buɗe.

Ban ce mujallun kyauta duk na kirki ba ne, akwai na 'yan damfara da za su buga maka ko jerin cefane. Wannan dai ba ta cikinsu.

Kishi ba abin kunya ba ne, ni ma na yi naka lokacin da aka ba ka farfesa ina nan ina kaɗe ƙura. Amma ni ban tare maka hanyar abinci ba. Aikin yarinyar nan ne a kan layi, kuma kai ka sani.

Takardarka ban yaga ba, na sa ta cikin littafinka. Nan ne na tabbata ba mai gani.

Naka har kullum,
Sarkin Kanta

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya.

Amsar mujalla ta zo. Mai bita na ɗaya ya yaba, ya nemi gyare-gyare kaɗan. Mai bita na biyu kuwa shafi-shafi ya bi ni da bulala. Editan ya ce in na cika sharaɗinsa za a karɓa, in ban cika ba a rufe maganar.

Na karanta rahoton na biyun ina kuka, ba zan ɓoye maka ba. Sai na iso wani layi, kukan ya tsaya cak. Ya ce taswirorina sun yi kwalliya ba su yi wanka ba. Da Turanci ya rubuta, amma ƙamshin ɗakin Inna bai fita daga jikin maganar ba. Yaya, wa ke cewa "kwalliya ba wanka" in ba Inna ba? Ni take faɗa wa haka da safe in na shafa hoda na sa kayan makaranta ban taɓa ruwa ba, kai kana gefe kana ɗaura takalmi kana dariya. Mu biyu muka tashi a ɗakin nan. Ni dai ban yi wa kaina bita ba.

Ban gaya wa maigidana ba, ban gaya wa Inna ba. Editan ma ban rubuta masa ba, ko da yake na san in na rubuta za a jefar da rahoton. Na kasa kai ƙarar wanda ya biya mini kuɗin jarrabawa.

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Kana jin kai kaɗai ka iya kishi? Tun da na shiga wannan fanni ba ni da suna. Duk taron da na je, "ƙanwar Farfesa" ce. In na yi daidai a ce Yayanta ya gyara mata, in na yi kuskure a ce ba ta kai Yayanta ba. Dalilin da ya sa nake rubutu da sunan mijina ke nan. Na sha zama a bayan zaure ina kallon yadda ake miƙe maka in ka shigo, zuciyata na tafasa. Gonakin nan ma da gangan na zaɓe su. Na so in yi abu ɗaya a wurin da ka yi, ka duba ka ce, "Kibiya, kin iya." Sau ɗaya kawai.

Abin haushin shi ne mai bita na biyu ya yi gaskiya. Ba tare da tsofaffin hotunan ƙasa ba, mai shakka zai ci gaba da cewa ciyawa ce. Ina buƙatar akwatin da ke saman kabad ɗinka. Kuma kada in yaudare ka: dokar mujallar ita ce duk hujjar da aka yi aiki da ita sai an sa ta a fili. In ka ba ni, duniya za ta ga hotunanka a gefen nawa, kowa ya yi wa littafinka hukunci da idonsa.

Kwamiti ya sa ranar zama. Kafin nan sai na je gonakin na sake ɗaukar kowane hoto daga inda ka tsaya ka ɗauka. In akwatin bai zo cikin makon nan ba, ba zan samu lokaci ba.

Ba zan sake roƙo ba, Yaya. A gaida Anti da yara.

Kibiya

*

Sarkin Kanta,

Salam. Gaisuwa a taƙaice yau, ka yafe ni.

Ta gane. Ba ma sai an buga ba. Maganar Inna ce ta kuɓuce mini a cikin rahoton, ni da nake ganin na iya ɓoye sawu. Yanzu akwatin take nema.

Na sa masinja ya sauko mini da shi. Makullin ya ɓata, da guduma muka fasa kwaɗon. Na baza hotunan a kan tebur, na ajiye taswirorinta a gefe, na rufe ƙofa na ce kar a bar kowa ya shigo. Wallahi nema nake in kama ta da kuskure. Gona bayan gona na bi. Inda na ɗauki fili fetal da kututture, a nata hoton inuwa ce. Kututturan da na ƙirga a matsayin gawar daji, ashe da ransu, jira suke a ƙyale su. Ni na ɗauki hoton hujjarta da hannuna tun ba ta san me ake kira taswira ba.

Ka zata wannan zai sanyaya mini rai? Ƙara hura wutar ya yi. Da ma ƙarya ta yi, da na huta.

Da na fito zuwa aji, wata ɗaliba ta ɗaga hannu, na zata tambaya ce a kan darasi. Sai ta ce, "Malam, wai da gaske kai ne yayan Dakta mai bishiyoyi?" Ni yau ni ne yayan wata. Na ce mata ta buɗe shafin da muke.

Na riga na tsara abin da zan rubuta wa Kibiya: in ce mata gara ce ta cinye hotunan. Wa zai musa? Ofishin nan rufinsa ma yoyo yake. Littafina ya tsira, ita kuma yarinya ce, ta nemi wani aikin. Na ɗauko takarda har na rubuta sallama.

Sai dai akwai abin da na manta da shi a cikin hotunan nan, sai yau na gani. Ka san in za mu ɗauki hoton fili sai mun tsayar da sanda mai awo a ciki, don mai kallo ya san tsawon abin da yake gani. To ni a lokacin ba ni da sandar, ta sashe ɗaya ce kuma manya sun riƙe. Ka canki abin da na tsayar a madadinta.

Takardar tana nan a gabana, daga sallama ban ƙara komai ba. Kar ka ba ni shawara, na san abin da za ka ce.

Baba Hamada

*

Kibiya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Direba zai iso miki da akwatin gobe. Kwaɗon ya lalace, igiya na ɗaure shi da ita. A bayan kowane hoto akwai lambar gona da inda na fuskanta.

Na rubuta wa editan na gaya masa ko ni wane ne a wurinki. Ya cire ni, mai bita na ɗaya zai duba gyaran. Rahotona kuma zai fita tare da maƙalar, na ce su sa sunana a ƙasa. Tunda an gane mai kwalliyar, gara ya fito ya yi wankan a fili.

Kada ki zata na ji daɗi. Ban ji ba, kuma ban san ranar da zan ji ba. In an sake kiranki rediyo kar ki gaya mini.

Ba sai kin sha wahalar neman inda na tsaya ba, ki nemi inda kika tsaya. Kina cikin kowane hoto. Ba ni da sandar awo a lokacin, ke nake tsayarwa kusa da kututture, da jar rigarki, kina ɓata rai saboda rana. Na rubuta tsawonki a murfin akwatin. A hoton gona ta farko akwai wani toho da bai kai gwiwarki ba. Ki je ki tsaya a gefensa a sake ɗauka, ki aiko mini in ga wanda ya fi wani tsawo.

Taswira ta huɗu ba ta da kibiyar arewa. Ki sa mata.

Sauran kuwa, kin iya.

Yayanki